YADDA AKE ZAƁEN FITILAR GOSHI DON KALLON TAURARI

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2023 malaminmu na darasin Al'adun Hausawa ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni aikin tattaro sunayen taurari na Hausa, tare da bayanin inda kowace tauraruwa take fitowa da lokacin fitowarta. Ya gindaya sharaɗi guda: ba zai karɓi abin da aka kwafo daga ƙamus ba, sai abin da muka ɗaga kai muka gani, domin a cewarsa gani ya kori ji. Ni kuwa a aji na koyi Hausa, ba a gida ba, don haka sunaye irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta a takarda kawai na san su.

Da yake ni aka ɗora wa rubutu, sai na ga ina bukatar fitilar da za ta bar mini hannuwana biyu, ɗaya ya riƙe littafi, ɗaya ya riƙe biro. Na shiga kasuwa na sayi fitilar goshi, wato irin wadda ake ɗaurawa a ka, wadda masu suya da masu gyaran babur suke aiki da ita da dare. Na ce wa mai kayan ya ba ni wadda ta fi kowace haske, na biya da kuɗin abincina na kwana uku. Wannan maƙala bayani ce a kan kuskuren da na tafka a wannan sayayya da abin da na koya daga baya, domin ɗaliban da za a ba irin wannan aiki nan gaba kada su yi asarar kuɗinsu da darensu.

2.0 Daren da Muka Fita

Mu huɗu muka fita filin ƙwallo da ke bayan ɗakunan kwana, wajen ƙarfe tara na dare. Mun yi sa'a biyu: babu farin wata, kuma an ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya. Na kunna fitilata, filin ya yi haske kamar an faka mota. Da muka ɗaga kai, taurarin da muka iya ƙirgawa ba su kai ashirin ba, Kaza da 'Ya'yanta kuwa ko alamarta. Duk wanda ya yi mini magana na juya gare shi, sai ya kare fuska da hannu yana cewa na kashe masa ido.

Hasken ne ya jawo hankalin wani dattijo, mutumin Arewa, da ke gadi a ƙofar baya. Ya ƙaraso da sandarsa ya ce, "Samari, lafiya? Me kuka yar a nan da daren nan?"

Na ce, "Barka da dare, Baba. Ba mu yar da komai ba, taurari muke nema."

Ya yi dariya ya ce, "Da wannan fitilar? Kashe ta, ɗana, ku samu wuri ku zauna."

Muka zauna a kan ciyawa yana ba mu labarin garinsu, har kusan rabin awa ta wuce. Can sai ya nuna gabas da sandarsa, ya ɗan karkata ta arewa, ya ce, "Ga ta can." Muka duba, sai ga wasu 'yan taurari a cure wuri ɗaya kamar tsaki sun kewaye uwarsu. Na ƙirga shida. Sararin da ɗazu yake fayau yanzu ya cika maƙil. Wata babbar tauraruwa da muka ɗauka Zara ce, Baba ya ce ba ita ba ce, domin Zara a yamma take bayyana bayan magariba. Daga baya na bincika na gano cewa wadda muka gani ɗin ita ce duniyar da Larabawa ke kira Mushtari, Turawa kuma Jufita.

Don murna sai na danna makunni zan rubuta abin da ya faɗa. Hasken ya bugi farar takarda ya dawo mini a ido. Da na sake ɗaga kai, Kaza ta ɓace da ita da 'ya'yanta, kuma ba ni kaɗai na rasa ta ba, har da sauran ukun. Baba ya girgiza kai ya ce, "Garin neman gira ka rasa ido."

Matsalar ke nan. Mai nazarin taurari yana bukatar haske don ya yi rubutu ko ya duba taswira, amma hasken nan shi ne yake ƙwace masa abin da ya fito gani. Kafin a san fitilar da za ta warware wannan, dole a fara sanin abin da ke faruwa a cikin ido.

3.0 Yadda Ido Yake Sabawa da Duhu

Idan mutum ya shiga duhu, abu na farko da ke faruwa shi ne 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana buɗewa. A cikin rana faɗinta bai wuce milimita 2 ba, a duhu kuwa takan kai milimita 7 ko 8 a idon matashi. Wannan yana faruwa cikin ɗan lokaci kaɗan, amma ƙarin hasken da yake shigarwa bai wuce ninki 16 ba. Babban aikin a can bayan ido ake yin sa.

A bayan ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu. Na farko masu siffar mazurari ne, adadinsu wajen miliyan 5 zuwa 6 a kowane ido. Da su muke bambance launi, da su muke karatu, amma sai da wadataccen haske suke aiki. A wannan maƙala zan kira su ƙwayoyin rana. Na biyu masu siffar sanda ne, sun haura miliyan 90. Ba sa bambance launi, amma suna jin haske komai ƙanƙantarsa. Su zan kira ƙwayoyin dare, kuma da su ake ganin ƙananan taurari.

Ƙwayoyin dare suna aiki ne da wani sinadari mai suna rodofsin. Haske mai ƙarfi yana wargaza shi nan take, jiki kuma a hankali yake sake haɗa shi. Ƙwayoyin rana sukan gama sabawa da duhu cikin minti goma, amma na dare sai sun ɗauki minti 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. A ƙarshen wannan jira ido yakan ninka ƙarfin ganinsa sau dubbai. Wato rabin awar nan da Baba ya zaunar da mu, rodofsin ne yake taruwa a idanunmu, ni kuma na wargaza shi da danna makunni sau ɗaya.

Jiki yana haɗa rodofsin ne da bitamin A, kuma binciken wannan al'amari yana cikin abin da ya sa aka ba masanin Amurka George Wald kyautar Nobel a 1967. Wannan ne dalilin da ƙarancin bitamin A yake jawo dundumi, wato cutar rashin gani da dare. Manja da hanta da karas suna cikin abincin da ke ɗauke da shi. Wanda ya zauna rabin awa a duhu bai ga wani canji ba, alhali abokansa suna gani, asibiti ya kamata ya nufa, domin babu fitilar da za ta gyara masa wannan.

4.0 Dalilin da Ya Sa Ake Son Jan Haske

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar shi ke bambanta launuka. Ana auna shi da nanomita. Abin da idon mutum yake gani yana tsakanin nanomita 400 da 700. Shuɗi yana can ƙasa, kore a tsakiya, ja kuma a can sama. Ƙwayoyin dare sun fi jin haske a wajen nanomita 500, wato tsakanin shuɗi da kore. Idan aka haura 620, inda ja yake, jin nasu yakan ragu ƙwarai. Ƙwayoyin rana kuwa suna ganin ja sosai. Tun a farkon ƙarni na 19 wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Jan Purkinje ya lura cewa jan fure, wanda ya fi ganye ɗaukar ido da rana, yakan koma kamar baƙi da asuba, alhali ganyen yana nan ana ganinsa.

A nan dabarar take. Da ƙwayoyin rana muke karatu, su kuma ja ya ishe su. Da ƙwayoyin dare muke ganin ƙananan taurari, su kuma ja bai cika taɓa su ba. Saboda haka idan aka haska takarda da ɗan jan haske, mutum zai yi rubutunsa, rodofsin ɗinsa kuma ba zai wargaje sosai ba. Farin haske ya ƙunshi dukkan launuka, har da shuɗi da kore, shi ya sa yake yin ɓarna. Wannan dabara ta daɗe. A 1916 wani Bajamushe, Wilhelm Trendelenburg, ya ƙirƙiro jan tabarau da likitocin hoton cikin jiki suka riƙa sawa a wancan zamani kafin su shiga ɗaki mai duhu, don idonsu ya saba tun suna waje.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Jan haske ma idan ya yi ƙarfi yana kashe ido, domin ƙwayoyin dare ba makafi ba ne gaba ɗaya a kansa. Ke nan sharuɗɗan biyu ne, kuma tare suke tafiya: hasken ya zama ja, ya kuma zama kaɗan.

5.0 Abubuwan Dubawa Kafin a Saya

A kasuwa, da ƙarfin haske ake tallar fitila. Mai kallon taurari akasin haka yake nema. Ga abubuwa bakwai da zan duba da a ce yau zan sake saye, na jero su bisa muhimmancinsu.

5.1 Jan ƙwai na ainihi

A tabbatar fitilar tana da ƙwai na LED mai ba da ja, daban da farin. A haska shi a kan farar takarda a duba. Idan launin ya yi kama da lemo ko ruwan hoda, to akwai gaurayen wasu launuka a ciki. Wanda ake so shi ne ja wur kamar garwashi. Idan an rubuta tsawon igiyar a jikin kwali, tsakanin nanomita 620 da 660 ake nema.

5.2 Yadda ake isa ga jan

Wannan shi ne inda yawancin fitilu suke faɗuwa. Da yawa makunni ɗaya gare su: dannawar farko fari mai ƙarfi, ta biyu fari mai sauƙi, ta uku walƙiya, sai a ta huɗu ja ya zo. Kafin ka kai ga jan, ka riga ka haske idonka sau uku. A gwada a gaban mai kaya. A kashe fitilar, a ga ko za a iya kunna ja kai tsaye, sa'annan a ga ko za a iya kashe ta daga ja ba tare da an ratsa ta fari ba. Wadda ke da makunni biyu, ɗaya na ja ɗaya na fari, ita ta fi. Mai bi mata ita ce wadda take tuna inda aka kashe ta, ta sake tashi daga nan.

5.3 Ƙarancin haske

Ana auna yawan hasken fitila da luman. Kyandir guda yana ba da wajen luman 12. Don karanta taswira ko rubutu a littafin da ke hannunka, luman 1 ko 2 ya wadatar, kuma bai kamata jan ya wuce luman 5 ba. Idan ana iya rage shi a hankali ta hanyar riƙe makunni, wannan ƙarin alheri ne. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta farin ce mafi ƙarfi, kuma a kan kayan araha sau da yawa akwai ƙari a cikinta. Lambar da ta shafe mu ita ce mafi ƙanƙanta.

5.4 Bazuwar haske da lanƙwasawa

Fitilar da ke harba haske nesa ta maharba ce. Tamu aikinta bai wuce tsawon hannu ba, don haka a nemi mai baza haske a hankali, ba tare da wani ɗigo mai ƙuna a tsakiya ba. Kan fitilar kuma ya zama yana lanƙwasawa ƙasa ya tsaya inda aka ajiye shi. A girgiza ta a gani. Idan kan yana faɗuwa da kansa, a ajiye ta.

5.5 Batir

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu cin ƙananan batura na AAA, yawanci guda uku, akwai kuma masu caji ta USB. Mai caji ta fi sauƙin kuɗi idan aka daɗe ana amfani da ita, amma ɗalibin da ya san halin wuta a makaranta ya san ba kullum ake samun caji ba. Mai AAA kuwa ko a shagon bakin ƙofa za a sami batirinta. Ko wace aka zaɓa, ƙaramin jan haske ba ya cin batir, yakan yi awoyi masu yawa. Idan za a ajiye mai AAA na tsawon hutu, a cire baturan don kada su yi ruwa su lalata ta. A duba kuma ko mai cajin tana da ɗan ƙwai shuɗi ko kore mai nuna ragowar caji. Idan akwai, a rufe shi da baƙin salatif, domin launukan da ƙwayoyin dare suka fi ji ke nan.

5.6 Raɓa da ƙura

Wanda zai zauna a fili har tsakar dare zai gamu da raɓa, da hunturu kuma zai gamu da ƙura. A jikin wasu fitilu akan ga haruffan IP da lambobi biyu a gabansu. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, inda aka sa X kuma ba a bayyana ba ke nan. IPX4 tana nufin fitilar za ta jure fantsamar ruwa ta kowace fuska, wannan kuwa ya isa. IPX7 tana nufin za ta jure nitsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ba lallai ne ɗalibi ya ƙara kuɗi saboda wannan ba.

5.7 Abubuwan gudu

A guji fitilar da ke kunna kanta idan an gifta hannu a gabanta, domin duk lokacin da ka ɗaga hannu za ka nuna tauraruwa sai ta kama. A guji mai nauyi, mai babban batir a goshi, domin wanda kansa ke ɗage na awa biyu wuyansa zai gaya masa. Idan kuma tana da makulli mai hana ta kunnuwa a cikin jaka, wannan abin so ne.

Da yake a garuruwanmu na nan Kudu da yawa daga masu tallar tocila Hausawa ne, sayen ma darasi ne. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Malam, tana da jan haske?" Sa'annan, "In na danna, ja ne yake fara kamawa ko fari?" Sai kuma, "Ana iya rage shi?" Kada ka yi mamaki idan ya yi ta miƙo maka masu ƙarfi. Bai saba ganin mai neman fitilar da ba ta da haske ba.

6.0 Idan Babu Kuɗin Sabuwa

Ni ban sake saye ba, domin aljihu bai yarda ba. Tsohuwar na gyara. Na yanko jar leda na ninka ta uku, na rufe gilashin da ita, na ɗaure da roba. Da na ga har yanzu hasken ya yi yawa, sai na sa farar takarda ninki biyu a ƙarƙashin ledar. Wata abokiyar karatunmu kuma jan farce ta shafa a gilashin ƙaramar tocilarta, ta bari ya bushe ta sake shafawa har sau uku. Duka biyun sun yi aiki, ko da yake ba su kai jan ƙwai na ainihi ba, domin leda takan bar wasu launuka su ɗan tsallake. A riƙa amfani da mataki mafi rauni na fitilar, saboda mai ƙarfin yana zafi, yana iya narkar da leda.

Kada a manta da waya. Fuskarta farin haske ce a daf da ido. A rage haskenta har ƙasa, idan kuma ana amfani da manhajar taswirar sama irin su Stellarium, a sa ta a yanayin dare, wanda ke mayar da komai ja. Saƙo ɗaya da ya shigo ya haska fuskar yana iya mayar da kai farkon jira.

7.0 Ladabi da Kiyaye Lafiya

Fitilar goshi tana bin duk inda fuska ta juya, mutum kuwa bisa al'ada yakan dubi wanda yake magana da shi. Don haka a cikin jama'a gara a sauke ta a rataya a wuya, tana kallon ƙasa. A kunna ta lokacin rubutu kawai. Idan dole sai an kunna fari, a yi sanarwa tukuna don kowa ya rufe ido. Mai kunnawa shi ma ya rufe ido ɗaya, domin kowane ido da kansa yake sabawa da duhu, wanda aka rufe zai riƙe abin da ya tara. A yi rubutu da baƙin biro ko fensir. Jan biro a ƙarƙashin jan haske ɓacewa yake yi, haka ma duk layin da aka zana da ja a taswira.

Akwai kuma inda ja bai dace ba sam. Macizai irin su kasa da kububuwa da dare suke yawo, haka ma kunama, kuma da ɗan jan haske ba za ka bambance maciji da igiya a cikin ciyawa ba. Saboda haka fitilar tana bukatar farinta ma. Da fari za a shiga fili, a haska wurin zama da kewayensa sosai, a shimfiɗa tabarma, sa'annan a kashe a fara jira. Da fari kuma za a fito. A sa takalmi rufaffe. Asarar rabin awa ta fi sarar maciji sauƙi.

Daɗin daɗawa, a sanar da masu gadi ko 'yan sintiri kafin a fita. Mutum huɗu a zaune a duhu da ɗan jan haske yana motsi abin zargi ne ga wanda bai san dalili ba, tun da an ce dare rigar mugu. Kada kuma a fita mutum ɗaya.

8.0 Aikin Gwaji

Ga gwajin da kowa zai iya yi a ɗakinsa idan an ɗauke wuta. Ka zauna a duhu minti 25 ba tare da duba waya ba. Ka rufe idon hagu da tafin hannu sosai, ka haska farar takarda da farin haske, ka dube ta da idon dama na daƙiƙa 10, sa'annan ka kashe. Yanzu ka riƙa duban ɗakin da ido ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar na hagu yana ganin kujera da ƙofa, na dama kuwa duhu kawai. Washegari ka maimaita da jan hasken fitilarka. Idan bambancin idanun biyu kaɗan ne, fitilar ta ci jarrabawa. Idan yana da yawa, a ƙara ninkin leda ko takarda.

9.0 Wasu Kalmomi

Kashe ido: haske mai ƙarfi ya hana mutum gani na ɗan lokaci. Misali: Hasken mota ya kashe mini ido.

Farin wata: hasken wata da dare. Yana rufe ƙananan taurari, don haka a fita a ƙarshen wata ko farkonsa.

Hazo: ƙurar hunturu da ke rufe sama. Shi ma yana rage taurari.

Zara da Gamzaki: Zara ake gani a yamma bayan magariba, har ake mata kirari da matar wata. Gamzaki kuma a gabas da asuba. Masana sararin sama sun tabbatar cewa tauraruwar magariba da ta asuba abu ɗaya ce, wato duniyar da Larabawa ke kira Zuhura.

Kaza da 'Ya'yanta: curin taurarin da Larabawa ke kira Surayya. Yawancin mutane shida suke gani da ido, amma sun haura 1,000, kuma haskensu yana yin shekara wajen 440 kafin ya iso mana. An fi ganinsu da farkon dare daga Nuwamba zuwa Maris.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana rushe wannan nan take. Don haka fitilar da ta dace da mai kallon taurari ita ce mai jan ƙwai, mai rauni, wadda ake kunna janta kai tsaye, mai lanƙwasawa ƙasa, wadda kuma take da fari don tafiya a hanya.

Bayan kwana biyu mun koma filin da fitilata mai jar leda. Mun gai da Baba, mun zauna kusa da shi, na cika shafi huɗu da abin da ya faɗa, kuma duk lokacin da na ɗaga kai Kaza tana nan da 'ya'yanta. Ya koya mana wata dabara kuma: idan tauraruwa ta yi ƙanƙanta, kada a zura mata ido, a ɗan dubi gefenta, sai ta fito. Daga baya na karanta dalilin, wato tsakiyar tantanin ido ba ta da ƙwayoyin dare, a gefe suke. Da asubar ranar muka sake fitowa muka ga Gamzaki a gabas, muka rubuta lokaci da wuri kamar yadda malam ya nema.

Ina kira ga ɗaliban da za su ɗauki wannan darasi su shirya fitilarsu tun kafin a ba da aikin, su gwada ta a ɗaki, su kuma nemi dattawan Hausawa da ke kusa da mu, domin akwai sunayen da ke bakinsu waɗanda ba mu ci karo da su a aji ba. Allah ya ba da sa'a.